Sabon turbin gas, tsohon turbin tururi: yadda ake haɗa su a tasha guda

A tashar wutar lantarki mai aiki da tururi, irin ta Egbin da ke Ikorodu a jihar Legas ko tsohon sashen tashar Sapele a jihar Delta, hanyar ɗaya ce. A ƙona gas a cikin boila, ruwa ya zama tururi, tururi ya juya turbin, turbin ya juya janareta. Idan ka auna zafin da ke cikin gas ɗin da aka ƙona, sannan ka auna wutar da ta fita zuwa layi, za ka tarar kashi 33 zuwa 37 cikin ɗari ne kawai ya zama lantarki. Kusan rabin zafin yana bin ruwan da ke sanyaya kwandensa, wato na'urar da ke mayar da tururi ruwa, sauran ya bi bututun hayaƙi da ƙananan asarori. A ƙasar da tashoshi ke kwana a kashe saboda ƙarancin gas, wannan asara tana da ciwo.

Dalilinta a fili yake. Harshen wutar da ke cikin boila ya haura digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyos, amma tururin da ke shiga turbin bai wuce digiri 540 ba, domin ƙarfen bututun ba zai jure fiye da haka na tsawon shekaru ba. Duk tazarar da ke tsakanin 1,500 da 540 ta tafi a banza, ba a sa ta aiki ba. Turbin gas kuwa a can sama yake aiki: iskar da aka ƙona tana shiga fukafukansa a digiri 1,300 ko fiye, ta fito a 550 zuwa 620. Wato abin da shi yake zubarwa, shi ne daidai abin da turbin tururi yake nema. In aka tara hayaƙin nan a wata tukunya mai tsotse zafi, wadda injiniyoyi ke kira HRSG, aka dafa tururi da shi ba tare da ƙona ƙarin gas ba, an ci gas guda sau biyu. Wannan shi ne zagaye biyu a haɗe, kuma haka aka tsara tashoshin Okpai da Afam VI tun farkon gininsu.

Abin da muke magana a kai ya ɗan bambanta: a ɗauki tashar tururi da ta tsufa, a ajiye boilarta, a kafa turbin gas da HRSG a gefe, a ci gaba da amfani da tsohon turbin tururi da janaretansa da kwandensa da hanyar ruwan sanyaya da filin taransfoma. An yi haka a wurare da dama. A Peterhead ta ƙasar Sikotilan, a shekarar 2000, turbin gas uku na Siemens suka fara ciyar da tsohon turbin mai megawat 660, abin da ake ci daga gas ya tashi daga ƙasa da kashi 40 zuwa sama da kashi 55. A Fort Myers ta jihar Fulorida a Amurka, a 2002, turbin gas shida na GE aka haɗa da tsofaffin turbin tururi biyu.

Ga lissafi na misali, da injin mai girman na Egbin, wato megawat 220. In kashi 35 na zafin gas yake mayarwa lantarki, yana buƙatar zafin gas na kimanin megawat 630, kusan ƙafa kubik miliyan 50 a rana. A kafa masa turbin gas guda na ajin F, wato rukunin manyan injuna masu aiki da zafi sosai, mai ba da megawat 290, tsohon turbin ya ba da 140 daga tururin HRSG, an sami 430. A kashi 54, gas ɗin da ake buƙata ya kai ƙafa kubik miliyan 65 a rana. Wuta ta kusa ninkawa, gas ya ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu da ɗoriya. Kowane kilowat-awa da yake cin kilojul 10,300 ya koma cin 6,700, hayaƙin kabon kuma ya sauka daga kusan giram 580 zuwa 375. A riƙe wannan da kyau: gas ɗin kowane kilowat-awa ya ragu, amma jimillar gas ɗin da tashar ke sha a rana ta ƙaru. Wanda bai sami yarjejeniyar ƙarin gas ba tun farko ya sayi injin da zai zauna yana kallo.

Mai karatu zai lura cewa turbin mai 220 ya koma ba da 140. A nan gizo ke saƙa, kuma a nan ne ya kamata duk aikin ya fara, tun kafin a buɗe littafin farashin kamfanonin turbin gas.

Tsohon turbin an ƙera shi ne domin boila. Tururi kimanin tan 700 a awa ke shiga ta kansa, a matsin bar 125 ko kusa da haka (bar ɗaya kusan matsin iskar da muke shaƙa ne). Amma ba dukkansa ke kai wa wutsiya ba. A kan hanya akwai ƙofofi shida ko bakwai da ake zarar tururi ana kai wa hitocin da ke ɗumama ruwan boila, kuma abin da ake zara ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari. Saboda haka fukafukan ƙarshe da kwandensa an auna su ne da tan 480 ko makamancin haka. Turbin ne mai faɗin baki da matsattsiyar wutsiya.

HRSG kuwa akasin haka take aiki. Ba ta son ruwa mai ɗumi. So take ruwa ya zo mata da sanyi domin ta tatse zafin hayaƙi har ya sauka zuwa digiri 80 ko 100 kafin ya fita. Don haka hitocin nan an sallame su, an toshe ƙofofin zarar tururi, duk abin da ya shiga ta kai sai ya fita ta wutsiya. Bayan haka, HRSG mai matakin matsi uku tana ƙara tururi a kan hanya: daga turbin gas ajin F guda za a sami kimanin tan 300 na babban matsi, 55 na matsakaici, 45 na ƙaramin matsi. Tan 300 ke shiga, tan 400 ke fita.

Dubi abin da wannan ya haifar. Wutsiya ta kusa cika, tana ɗauke da 400 cikin 480. Kai kuwa yunwa yake ji, 300 cikin 700. Matsin tururi a bakin turbin yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da yawan tururin da ke wucewa, don haka bar 125 zai faɗo zuwa wajen 55, sashen babban matsi ya zama ɗan rakiya. Wani zai ce to a sa turbin gas biyu mana. In an yi haka kai ya ƙoshi, amma tan 800 za su tunkari wutsiyar da aka yi wa ɗinki da 480: gudun tururi a bakin fita ya wuce ƙima, asara ta hau, fukafukan ƙarshe su ɗauki nauyin da ba nasu ba, kwandensa ta kasa riƙe matsinta. An gudu ba a tsira ba.

Maganin da aka saba yi shi ne a bi wutsiya, a gyara kai. A canza nozul na matakin farko da wasu layukan fukafukai na sashen babban matsi, a matse hanyar ta yadda tan 300 za su riƙe bar 100 ko sama. Wani lokaci sabon rota, wato sandar da ke juyawa da fukafukai a jikinta, da sabon kwanson ciki ake sakawa a cikin tsohon kwanson waje. Tururin ƙaramin matsi ana shigar da shi ta babban bututun da ke haɗa sashen tsakiya da na ƙarshe, da bawul nasa na tsayarwa da na daidaitawa, domin in janareta ya saki kaya kwatsam, wato ya rabu da layin da yake ba wuta, wannan tururin kaɗai zai iya sa turbin ya yi gudun da ya wuce kima. Ragowar gurbin da ke wutsiya, tan 80 ɗin nan, ana iya cike shi da bakunan wuta da ake sakawa a mashigar HRSG, tunda hayaƙin turbin gas yana ɗauke da iskar oksijin kashi 12 zuwa 14, isasshiya ta ƙona ƙarin gas. Wutar da aka samu ta wannan hanya ba ta kai ta zagaye biyu arha ba, amma tana da amfani da yamma lokacin da buƙata ta hau, ko ranar da zafi ya rage wa turbin gas ƙarfi.

Da zarar rabon matsi a cikin turbin ya sauya, ƙarfin da ke tura rota gaba ko baya shi ma ya sauya. Boris ɗin da ke tokare rota an auna shi da tsohon rabo ne. Dole a sake lissafin a kowane mataki na kaya, har da lokacin da bakunan wuta ke ci da lokacin da suke kashe. In an yi sakaci, farin ƙarfen da ke fuskar boris zai yi zafi ya narke, rota ya matsa, fukafukai masu juyawa su taɓa na tsaye. Wannan ɓarna ce ta watanni.

Zafin tururi ma abin dubawa ne wajen zaɓen turbin gas. HRSG tana buƙatar hayaƙi ya fi tururi zafi da aƙalla digiri 25 zuwa 30. Turbin gas ajin E, wanda hayaƙinsa ke fita a wajen 540, ba zai ba da tururi sama da 510 ko 515 ba sai an taimaka masa da bakunan wuta. Tururin da ya shiga da ƙarancin zafi yana isa wutsiya da laima mai yawa, kuma in laimar ta haura kashi 10 zuwa 12, ɗigon ruwa zai riƙa cin gefen fukafukan ƙarshe har ya zama kamar bakin zarto. Ajin F, mai hayaƙin kusan 600, ya fi dacewa da turbin da aka ƙera domin 540.

Duk wannan lissafi bai da amfani in jikin turbin ya gaji. Injin da aka kunna a tsakiyar shekarun 1980 yana iya zama ya haura awa 200,000 yana aiki, kuma ƙarfen da ya daɗe cikin zafi da matsi yana miƙewa a hankali, ƙananan ramuka su buɗe a cikinsa kafin ido ya ga tsaga. Sai an buɗe turbin an zaro rota. A bi ramin tsakiyarsa da na'urar sauti mai gano tsaga, a kwafi fuskar ƙarfe a wuraren walda da lanƙwasar bututu a duba ta da madubin ƙara girma, a auna tauri, a binciki gindin fukafukai da faifan sashen ƙarshe inda tsatsa da ƙarfin da ke jan ƙarfe ke haɗuwa su tsaga ƙarfe. A gwada rufin wayoyin janareta. Ra'ayinmu a nan ba shi da kwana-kwana: in bincike ya nuna rota biyu da fukafukan ƙarshe da naɗin janareta da bututun kwandensa duk sai an canza, to kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Gara a sayi sabon turbin da aka ƙera domin HRSG, a ci moriyar fili da ruwa da layin wuta kawai. Ko da komai lafiya yake, tashar da aka sabunta takan gaza sabuwa fil da maki ɗaya zuwa uku cikin ɗari na zafin gas da ake mayarwa lantarki, saboda an yi ɗinki ne a kan rigar wani.

Akwai hanyoyin da ba sa taɓa boila. A ɗaya, ana tura hayaƙin ƙaramin turbin gas, mai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin injin, cikin boila a madadin iskar da fanka ke hurawa. Ƙasar Holan ta yi wannan a tashoshinta a shekarun 1980. A wata kuma hayaƙin ruwan boila kawai yake ɗumamawa. Ribar su maki biyu zuwa huɗu ce, kuma tsohuwar boila da matsalolinta suna nan. Ga tashar da gas take ƙonawa dama, ba mu ga hikimar tsayawa a rabin hanya ba.

Sai batun tayarwa, wanda ake yawan rainawa. Turbin gas yana kai cikakken kaya cikin rabin awa. Tsohon turbin tururi mai kaurin kwanso, in ya huce, awowi yake so ana ɗumama shi sannu a hankali. A tsakanin nan tururin da HRSG ke fitarwa sai an sama masa wurin zuwa. Shi ya sa ake gina hanyar kewaye da za ta iya ɗaukar dukkan tururin, a rage masa matsi, a fesa masa ruwa, a zuba shi cikin kwandensa. Tsohuwar kwandensa ba a yi ta domin wannan ba. In ba a sa bututu masu huji da za su watsa tururin da garkuwar ƙarfe a gabansu ba, zai doki layin farko na bututun sanyaya, su yi ta karkarwa har su tsage. A tashar da ke sanyaya da ruwan gishiri, tsaga ɗaya ta isa ta shigar da gishiri cikin HRSG cikin mintoci.

Ruwan kansa yana son sabon tsari. Da yana isa boila a digiri 240 ko kusa, yanzu yana isa HRSG a 40 zuwa 45. Bututun da ke ɗauke da ruwa mai wannan sanyi zai sa laimar hayaƙi ta yi raɓa a jikinsa ta waje, tsatsa ta kama. Ana maganin haka da famfon da ke dawo da wani kaso na ruwan da ya yi zafi ya gauraya da mai shigowa, a riƙe shi sama da digiri 55 zuwa 60. In za a ƙona dizal mai farar wuta a matsayin madadin gas, iyakar ta haura 120, don haka sai a kewaye wannan sashe gaba ɗaya. Ta ciki kuma, a sashen ƙaramin matsi inda ruwa ke wajen digiri 150, gudun ruwa yana wanke fatar da ke kare baƙin ƙarfe, lanƙwasa ta yi ta sirancewa har ta fashe. Kariyarsa ita ce a ɗaga pH, ma'aunin tsamin ruwa, zuwa 9.6 ko sama da amoniya, a kuma yi lanƙwasar da ƙarfe mai ɗan kuromiyom. Amma amoniya mai yawa tana cin jan ƙarfe, kuma tsofaffin tashoshi cike suke da shi a bututun kwandensa da hitoci. Ba a iya faranta wa biyun rai. A cire jan ƙarfen, a sa titaniyom in ruwan sanyaya na gishiri ne.

Gas: boila da 'yan bar kaɗan take ƙonawa a bakin wuta, turbin gas ajin F kuwa yana son bar 30 ko kusa, kuma tsayayye. In matsin bututu yana hawa yana sauka, sai an sa kwamfaresa, biyu ma, ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Sai matata mai cire ruwa, da hita mai ɗaga zafin gas kimanin digiri 28 sama da inda yake fara yin raɓa. Boila takan haɗiye ɗigon mai da ya biyo gas ba ta ce komai ba. A ɗakin ƙonawar turbin gas na zamani, wannan ɗigo yana jawo wuta ta koma baya ta ƙone bakin nozul.

Ƙarfin turbin gas da ke rubuce a takardar kamfani na iska mai digiri 15 ne a daidai tsayin teku. Kowane digiri sama da haka yana cin kashi 0.6 zuwa 0.7 cikin ɗari, don haka a rana mai digiri 33 a Legas injin mai 300 zai tsaya a wajen 265. Masu shirin kafa tashoshi a kan bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano su ƙara nasu lissafin: Kano tana kusan mita 480 sama da teku, wanda ke cin wani kashi 5, ga zafin watan Afrilu mai haura 40. Sai dai busasshiyar iskar arewa tana karɓar sanyayawa da feshin ruwa a mashiga, abin da ba ya tasiri sosai a laimar kudu. Ƙurar hunturu kuwa ta kowa ce. Injin da ke shaƙar kusan kilo 650 na iska a daƙiƙa yana buƙatar matata masu kakkaɓe kansu da bugun iska, in ba haka ba za su toshe cikin kwanaki, abin da ya tsallake kuma ya manne a fukafukan kwamfaresa ya rage ƙarfi.

Layin wuta na ƙasa shi ma yana da ta cewa. In turbin gas ya faɗi, tururi ya ɗauke, megawat 430 sun ɓace kusan lokaci guda. A layin da ke ɗauke da megawat 4,000 zuwa 5,000, wannan kusan kashi goma ne, kuma girgizar za ta kai har Kano da Birnin Kebbi. Turbin gas kuma ba ya son mitar layi, wato yawan juyin wutar a daƙiƙa, ta kauce wa 50: in ta sauka, kwamfaresa ya rage gudu, ƙarfi ya ragu a daidai lokacin da ake nemansa. Wannan dalili kaɗai yana iya sa a zaɓi matsakaitan turbin gas biyu maimakon babba ɗaya, ko da za a rasa maki ɗaya ko biyu. A kuma duba ko makatsan wuta na filin 330kV za su iya katse wutar gajeriyar hanya bayan an ƙara sabon janareta.

Wajen tsara aiki, a gina turbin gas da HRSG a gefe alhali tsohuwar boila tana ci gaba da kawo kuɗi. In an sa bututun hayaƙi na kewaye da ƙofar karkatarwa, turbin gas zai fara sayar da wuta shi kaɗai tun kafin a kashe tsohon injin, sannan a tsayar da tsohon injin na 'yan watanni domin gyaran turbin da haɗa bututu. A wurin haɗin ne ƙarfen sabbin bututu, samfurin P91, ke gamuwa da na tsofaffi, samfurin P22. Waldar P91 sai an gasa ta bayan an gama, a wajen digiri 760, da na'urar auna zafi a manne da rubutaccen tarihin kowace gaɓa. Waldar da aka gasa ƙasa ko sama da ƙima za ta wuce gwajin matsi lafiya lau, ta tsage bayan wasu shekaru. Kafin tururi ya taɓa turbin, a hure sababbin bututun da tururi zuwa waje, a sa gogaggen farantin ƙarfe a bakin fita, a yi ta maimaitawa har farantin ya fito ba tabon tsakuwa ko ɓurɓushin walda. Toshe ƙofofin zarar tururi kuma a yi shi kusa da kwanso, da magudanar ruwa a kowane guntun bututu da ya rage, domin ruwan da ya taru a irin wannan aljihu in ya koma cikin turbin mai zafi yana lanƙwasa rota.

Gwajin aikin tsohon turbin a yi shi tun kafin a kashe boila, da na'urori masu shaidar daidaito, a gaban mai tasha da ɗan kwangila: yawan tururi, matsi da zafi a kowace ƙofa, matsin kwandensa, zafin ruwan sanyaya a shiga da fita, megawat a bakin janareta. Da waɗannan alkaluma za a ƙera HRSG, ba da takardun shekara arba'in da suka wuce ba. Kuma ranar da haɗaɗɗiyar tashar ta ba da 415 maimakon 430, su ne kaɗai za su nuna ko giɓin daga sabon kaya yake ko daga tsohon turbin.